Tsohuwar mota ta fara misin: a gano silindar kafin a taɓa aljihu

Motar da ta ci kilomita 400,000 ko 500,000 a kan hanyoyinmu, ko Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, ko Hilux, ko babbar Marsandi da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Njamena, ba a rasa abin da ya gaji a jikinta. Wannan ne ke sa neman dalilin misin ya yi wuya a tsohon inji. Duk abin da aka kwance za a same shi da laifi: nozul mai fesa mai cikin silinda ya yi baƙi ƙirin, tiyo ya tsattsage, filta ta cushe. A nuna wa mai mota, ya gani da idonsa, ya ciro kuɗi, a sayo sabo a ɗaura, a tayar da inji, ga shi nan yana karkarwa yadda yake tun farko. Kayan da aka cire tsofaffi ne, ba ƙarya, amma ba su ne masu ciwon ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin mai irin wannan mota galibi da ita yake ci da iyalinsa, kuma kuɗin nozul shida da gyaran famfon da ke tura musu mai ba abin wasa ba ne.

Misin dai shi ne silinda ɗaya, ko fiye, ta kasa ƙona manta a lokacin da layi ya zo kanta. Kowace silinda tana buƙatar matsi mai kyau da mai daidai gwargwado a daidai lokaci. Injin fetur yana ƙarawa da tartsatsin fulogi. Injin dizal kuwa zafin matsin ne ke kunna masa gazuwal, shi ya sa raunin matsi ya fi yi masa illa. Tambaya biyu ce a gaban komai: silinda ɗaya ce ta mutu, ko dukkansu ne ke shan wahala? In ɗaya ce, wacce? Doki mai ɗingishi sai an san ƙafar kafin a nemi magani. Wanda bai amsa waɗannan ba bai kamata ya aiki yaro kasuwa ba.

Kafin a ɗauki sifana, a zaunar da direba a tambaye shi da kyau. "Malam, yaushe take yi? Da safe ko in ta yi zafi? A silo ko a kan hawa? Ina ka sha mai na ƙarshe?" Amsarsa tana rage rabin aiki. Injin dizal da ke karkarwa da farin hayaƙi da sanyin safiyar hunturu, musamman a Ngaundere da ke kan tudu, sannan ya warware bayan minti ɗaya ko biyu, yawanci hita ce, wato ƴan sandunan da ke ɗumama silinda kafin a tayar, ɗaya ko biyu suka mutu, ko kuma matsi ya fara sauka. Wanda ke lafiya a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, amma ya shaƙe in an ɗora masa kaya a hawan dutsen da ke tsakanin Mbe da Ngaundere, mai ne ba ya isarsa, ko kuma, in na fetur ne, wuta ce ta yi rauni. Wanda ke tashi lafiya, sai ya yi zafi sannan ya fara tsallake a silo, a tuna da bawul. In kuwa abin ya soma ne jim kaɗan bayan an sha mai a jarka a bakin hanya, to daga man za a fara, ba gardama.

A kuma tabbatar misin ɗin ne. Robar da inji ke zaune a kai in ta tsinke, mota tana jijjiga sosai alhali silinda duk suna aiki. Kulochin da ya ƙare da kuros ɗin farfela ma suna fizga. A tsayar da mota, a cire giya, a kai hannu kusa da bakin salansa. Lafiyayyen inji yana hura iska a jere. Mai misin yana tsallake bugu ɗaya, kana jin gurbin a tafin hannunka. In gurbin yana zuwa a kan tsari, silinda ɗaya ce. In yana zuwa barkatai, abin da suke tarayya a kai ne, wato mai, ko iska, ko taimin.

Hayaƙi ma yana magana. Fari mai warin ɗanyen gazuwal, mai sa ido hawaye, man da bai ƙone ba ne. Fari mai kama da tururi, wanda ke bajewa da wuri, ga ruwan lagireto yana raguwa, gasket ne ko tsagewar kan inji. Baƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa.

Zan fi daɗewa a kan dizal mai famfo irin na da, wato wanda ba ƙwaƙwalwa (kwamfutar cikin mota) ke sarrafa shi ba, tunda shi ya fi yawa daga Garwa har Abeshe, kuma injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, shi ne misalin da kowa ya sani.

In misin ɗin barkatai ne, gwaji mafi arha shi ne a raba inji da tankinsa. A samo galan mai tsabta da lita biyar na gazuwal ɗin da aka yarda da shi, a cire tiyon da ke shiga famfo a tsoma cikin galan, a mayar da tiyon dawowa cikinsa shi ma, a fitar da iska, a tayar. In inji ya daidaita, famfo da nozul sun kuɓuta. Matsalar tana tsakanin tanki da filta, kuma a nan sai a bi ta sannu a hankali. A kwance ƙasan filta a tari abin da ya fito a kwalbar gilas, a ajiye ta minti goma. Ruwa zai kwanta a ƙasa, a ga layinsa ƙarara. Gazuwal ɗin da aka surka da kananzir yana da sirantaka a yatsa, kuma yana cin famfo domin ba shi da santsin da famfo ke dogara da shi. Sannan a sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da famfo a kalli man yana wucewa. Kumfa in ta bi a jere, iska ce ke shiga. Wuraren da take shiga sanannu ne: robar ɗan famfon da ake dannawa a kan filta, zoben filtar da ba a zaunar da kyau ba, tiyon da rana ta busar, da bututun ƙarfe da ya goga da shasi har ya huje. Irin wannan huji sau da yawa ba ya ɗigar da mai, tsotsar iska kawai yake yi, shi ya sa ido ba ya kama shi. Kada a manta da rariyar cikin tanki da murfin tanki. Murfin da ƙura ta toshe masa hanyar numfashi yana sa mota ta yi tafiyar rabin awa lafiya sannan ta fara shaƙewa, in an buɗe shi a ji iska ta shiga da ƙara.

In misin ɗin a kan tsari yake, sai a nemi silindar. Inji yana silo, a sa sifana mai lamba 17 a kan notin bututun da ke shiga nozul na farko, a rufa tsumma a kai, a sassauta shi kamar rabin juyi. Mai zai fara tsartuwa a gindin notin. In silindar tana da rai, nan take muryar inji za ta faɗi, karkarwa ta ƙaru. A ɗaure, a wuce ta gaba. Silindar da aka sassauta inji bai ko kula ba, ita ce matacciya. A lura da abin da ke fita a notin ma: mai mai ƙarfi yana bugawa, ko kumfa, ko ɗan ɗigo mara kuzari. Kada a kai yatsa wurin, kuma a kawar da fuska. Mai na'urar auna zafi ta nesa yana iya samun amsar ba tare da ya kwance komai ba: ya tayar da inji daga sanyi, ya auna bakin kowace silinda a manifol ɗin hayaƙi, wadda ta yi baya a zafi ita ce.

An gano silindar, ba a gano ciwon ba tukuna. A nan ne da yawa ke gaggawa. Abin da ya dace shi ne musaya: a ɗauke nozul ɗin silindar da ta mutu, a ce ta huɗu, a kai shi ta biyu, a kawo na biyu ta huɗu, a sake gwajin sifana. In misin ya bi nozul zuwa ta biyu, an kama ɓarawo. In ya tsaya a ta huɗu, nozul ba shi da laifi, ko da ya fi gawayi baƙi.

Nozul mai laifi a kai shi wurin mai gwaji, kuma mai mota ya tsaya ya gani. A 1HZ, nozul ɗin da ya yi aiki ya kamata ya buɗe tsakanin kilo 135 da 155 a geji, ya yi feshi mai laushi da ƙara mai kaifi, ya yanke tsaf ba ɗigo a bakinsa. In an riga an kwance, a gwada duka shidan, domin tare suka tsufa. Wajen mayarwa a sa sababbin washa. Tsohuwar washar tagulla ta riga ta taurare, za ta bar hayaƙi yana hurowa ta gefen nozul.

Game da famfo, ga abin da zai hana asara. Famfon 1HZ da na Hilux mai injin 3L ko 5L irin mai juyawa ne, fistin ɗaya tak ke cikinsa yana raba wa silinda duka mai bi da bi. In wannan fistin ya ci, duk silinda za su ji a jikinsu, ba ɗaya ba. Saboda haka da wuya misin na silinda guda ya zama dalilin buɗe famfo gaba ɗaya. Abin da kowace silinda ke da nata a jikinsa shi ne ɗan bawul ɗin da ke bakin fitar mai, inda bututu ke ɗaurewa. Tsohuwar Marsandi mai famfon jere dabam take: kowace silinda da fistinta a cikin famfo, ɗaya yana iya lalacewa shi kaɗai.

Yanzu ga abin da nake ganin an fi sakaci da shi a tsohon inji, wato tazarar bawul. Shekara da shekaru bawul yana bugun mazauninsa, yana nutsewa a hankali, tazarar tafet, wato ɗan gibin da ke tsakanin kamshaf da saman bawul, tana raguwa. Ranar da ta ƙare, in inji ya yi zafi ƙarfe ya miƙe, bawul ba ya rufewa ruf. Matsi ya zube, wuta ta riƙa bi ta gefen bawul ɗin hayaƙi har ta cinye bakinsa. Mugun abin shi ne bawul ɗin da ya matse ba ya ƙara. Direba yana jin inji shiru yana murna, alhali tafet mai ɗan ƙara ya fi wannan lafiya nesa ba kusa ba. A 1HZ, da sanyi, bawul ɗin shigar iska yana son milimita 0.15 zuwa 0.25, na hayaƙi 0.35 zuwa 0.45. Ba noti ake juyawa ba, ƴan fayafayan ƙarfe ne ake canjawa da masu kaurin da ya dace. A auna, a rubuta, a nemo daidai. Goga su a dutse yana cire taurin samansu, ba su daɗewa. Tunda murfin kan inji a buɗe yake, a juya inji da hannu a kalli kowane ƙullin kamshaf ko ya cinye, a duba sifirin ko akwai karyayye. A duba alamomin taimin kuma. Bel ɗin da ya wuce lokacinsa, wanda a tsofaffin 1HZ kilomita 100,000 ne, yana iya tsallake haƙori ɗaya, sai inji ya yi wuyar tashi, ya yi farin hayaƙi, ƙarfi ya tafi.

Bayan an daidaita bawul ne awon matsi ke faɗin gaskiya. Inji ya kasance da ɗumi, batir cike, a cire wayar da ke buɗe wa famfo mai, a cire hita duka, a kashe layin wutarsu, a ɗaura geji ta ramin hita ko na nozul gwargwadon bakin da ke hannu. Gejin fetur ba ya wannan aiki, fashewa zai yi. Lafiyayyen 1HZ yana ba da kilo 37 ko fiye, ƙarshen abin da ake yarda da shi 27 ne, kuma bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 5. Bambancin ya fi lambar kanta muhimmanci. Inji mai 30 a duka shida tsoho ne amma zai ci gaba da aiki. Mai 35 a biyar da 22 a ɗaya shi ne mai misin. A tuna kuma iskar Ngaundere, da ke sama da mita 1,000, ba ta kai ta Garwa nauyi ba, awon da aka yi a can zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma. Silinda biyu maƙwabta in suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Dabarar zuba baƙin mai a silinda a sake awo ta injin fetur ce. A dizal kada a yi ta: wurin ƙuna ƙarami ne, man yana iya kamawa ko ya tokare fistin.

Don sanin ta ina matsin ke gudu, a kawo fistin ɗin sama a bugun matsi, a sa giya da birkin hannu, a hura iskar kwamfiresa ta ramin hita, a kasa kunne. Iska a salansa, bawul ɗin hayaƙi. A wajen filtar iska, bawul ɗin shiga. A bakin zuba baƙin mai, ringi ko silinda. Kumfa a lagireto, gasket ko kan inji ya tsage, abin da ke yawan biyo bayan tafasar inji a zafin Maris da Afrilu. Wannan gwaji na rabin awa shi ke raba aikin kan inji kawai da sauke inji gaba ɗaya.

In ringi ne, a leƙa bututun da ke bayan filtar iska. Ƙura mai laushi in ta kwanta a cikinsa, an san wanda ya cinye injin. Hura filta da iska mai ƙarfi kullum yana yaga takardarta, hujin da ido ba ya gani ya ishi ƙurar hunturu shiga. Wanda ya sa sababbin ringi bai toshe wannan hanya ba zai dawo.

Sababbin dizal masu ƙwaƙwalwa, irin Hilux mai 2KD ko 1KD, ba a yi musu gwajin sifana ko kusa. Matsin mansu yana haura kilo 1,300, tsartuwarsa tana huda fata ta shiga nama. Su kwamfuta ake sa wa, a kashe silinda ɗaya bayan ɗaya, a karanta gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa kowane nozul. Wanda lambarsa ta yi nisa da ƴan uwansa shi ake tuhuma, amma raunin matsi ma yana kawo haka, don haka awo bai faɗi ba. In an canja nozul dole a shigar da lambobin da ke jikinsa a ƙwaƙwalwa. A waɗannan injuna washar ƙarƙashin nozul in ta yi yoyo, hayaƙi yana shiga baƙin mai ya daskare ya toshe rariyar famfon baƙin mai, inji ya ƙone. Actros mai injin OM 501 kuwa kowace silinda da ɗan famfonta mai waya. Kafin a ce famfo ya mutu a bi wayar, domin girgizar hanyar Mora zuwa Kusiri tana gurje waya tana sassauta soket.

Motar fetur, irin Hilux mai 2TR ko Land Cruiser mai 1FZ da 1GR, tsarin ɗaya ne, sai dai wuta ce ke kan gaba. In tana karɓar kwamfuta, a karanta lambar da ta nuna: P0301 silinda ta ɗaya ce, P0304 ta huɗu, P0300 kuwa barkatai. Lambar tana faɗin wuri ne kawai, ba ta faɗin kayan da za a saya. A musanya kwayil da na maƙwabciya, a goge lambar, a zagaya. In ba ta bi kwayil ba a musanya fulogi, sannan nozul. Fulogin kansa a karanta shi: jiƙe da fetur, ba wuta, baƙi mai maiƙo, baƙin mai, fari fat, mai ya yi kaɗan ko iska tana kutsawa, wanda ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran suna da datti, ruwa ne ke shiga silindar. Baƙin mai da ya taru a ramin fulogi daga gasket ɗin murfi yana satar wuta. Masu distiribita a duba cikin hularsa ko akwai tsaga ko baƙin zare, a auna wayoyi da mita, kowace kada ta wuce kilo-om 25, ko a fesa musu ruwa kaɗan cikin duhu a ga inda wuta ke tsalle. Raunin wuta a hawa yake bayyana, domin matsi in ya ƙaru tartsatsi yana buƙatar ƙarin ƙarfi. Kutsen iska ta tiyo ko gasket ɗin manifol kuwa a silo ya fi muni, in an taka totur ya lafa. Famfon tanki ya ba da wajen kilo 3. Mai shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, ya yi gwajin kwalbar nan kafin komai. Fulogi kuma a saye shi inda aka amince, jabu ya yi yawa, kuma sabon jabu yana misin tun ranar farko. A injin fetur ne in silinda ta nuna raunin matsi ake zuba mata cokalin shayi ɗaya na baƙin mai a sake awo: in ya hau, ringi, in bai motsa ba, bawul ko gasket.

Saura abin da direba zai yi in ta kama shi a daji, tsakanin Waza da Dabanga ko a hanyar Mundu. Ya duba ruwa da sandar baƙin mai. In mai ya ƙaru a sanda yana warin gazuwal, ko ruwa yana raguwa, ko akwai bugu mai kaifi tare da baƙin hayaƙi, ya kashe inji ya nemi ja. Nozul mai ɗiga yana narkar da kan fistin cikin tafiya kaɗan. In ba ko ɗaya cikin waɗannan, mai motar fetur ya zare soket ɗin nozul na matacciyar silinda don kada ɗanyen mai ya wanke bangonta ya ƙona tukunyar tace hayaƙi, ya rage gudu, ya lallaɓa zuwa gari. Fitilar inji in tana ƙyaftawa, wannan ɓarnar take nufi. Mai dizal kada ya toshe bututun nozul ko ya matse shi, famfo zai fasa. Ya tafi a hankali da ƙaramar giya, idonsa a kan allurar zafi. Bayan an gama gyara, ko lokacin juye bai yi ba, a zubar da baƙin man nan a sa sabo da sabuwar filta, domin man da ya gangara ta gefen ringi ya riga ya tsinka shi, kuma metal ɗin kiranshaf ne zai fara biya.